Bahaguwar Bindigar Meshach Mai Walda

Shagon ɗinkina a Dutsen Kura yana kallon rumfar waldar Meshach, kwalbati ɗaya ce tsakaninmu. Idan an ɗauke wuta ni ba ruwana, kekena na ƙafa ne. Shi kuwa sai ya ajiye kayan aiki, ya tsallako ya zauna a bencina yana ba ni labarin dawa. Sunana Siddiq, amma ban taɓa jin ya kira ni da shi ba. Tela yake ce mini.

Mutumin wani ƙauye ne kusa da Zonkwa, a kudancin Kaduna. Ya zo Minna yana saurayi, ya koyi walda, ya buɗe rumfarsa, yana yin ƙofofin ƙarfe da tagogi da murhun gawayi. Ya auri Sara, 'yar yankinsu, wadda ke sayar da doya da manja a bakin layinmu, suka haifi 'ya ɗaya, Shekinah. Walda ita ce abincinsa, amma ba ita ce a ransa ba. Ubansa maharbi ne, yana harbi da bindiga mai ƙanƙara, irin ta dā wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, dutse ya ƙyasta ƙarfe, wuta ta tashi. A cikin warin albarushin nan Meshach ya girma, kuma zaman birni bai cire masa shi daga hanci ba.

Da ya ɗan samu sarari sai ya sayi bindigar toka a hannun wani ɗan kasuwa. Ba mai ƙanƙara ba ce, irin ta yanzu ce da ake sa wa garin kan ashana. Kowace Asabar sai ya hau babur ya nufi bayan dam ɗin Tagwai, wajen abokinsa Dabo. Dabo Bafulatani ne da ya daɗe da zama wuri ɗaya, yana da 'yan shanu da gonar masara da rogo. Bai taɓa harba bindiga ba, amma idan ya dubi ƙasa zai gaya maka dabbar da ta wuce da inda ta dosa. Shi ke nuna sawu, Meshach ke harbi.

Wata Asabar da hantsi, bayan ɗaukewar damina, suka ga gada a gefen wani kwazazzabo. Meshach ya ɗora bindiga a kafaɗar dama, ya ja kunama. Bindigar ta fashe daga gindi. Dabo ya ce abin da ya fara gani bayan hayaƙi ya washe shi ne Meshach a durƙushe, hannuwansa biyu a fuska, jini na bi ta tsakanin yatsunsa. Ya ɗaure masa kai da rawaninsa, ya ɗora shi a babur, ya kawo shi asibiti. Likitoci suka cire ɓarɓashin ƙarfe daga goshi da kunci. Idon dama kam ba a iya ceto shi ba.

Watannin da suka biyo baya sun yi masa wuya. Zai zuba shayi sai ya zuba a gefen kofi. Zai kai bakin walda kan ƙarfe sai ya tsaya a iska, ko ya zarce. Na sha ganinsa ya zauna a rumfa shi kaɗai yana miƙa yatsa yana taɓa kan ƙusa, ya janye, ya sake miƙawa, har hannu ya koyi nisan da ido ɗaya ba ya iya faɗa masa. A hankali aiki ya dawo. Sara ta tattara tarkacen bindigar ta ba 'yan gwangwan, kowa a layi ya ɗauka an rufe maganar farauta.

Sai ran nan ya shigo shagona, ya ɗauki sandar da nake auna yadi, ya ɗora ta a kafaɗar hagu, ya kwantar da kunci a kanta.

"Tela, duba nan. Idon hagu yana gani sarai. Kafaɗar hagu ma lafiyarta ƙalau."

Na ce, "To, sai me?"

"Na ari bindigar wani na gwada haka. Ka ga girata?"

Na duba. Gashin girar da ke kan lafiyayyen idon ya ƙone. Ya bayyana mini cewa kowace bindiga kunamarta da kunnenta, wato ɗan kaskon da wuta ke fara kamawa a ciki, a gefen dama suke. Mai harbi da dama fuskarsa tana ɗaya gefen, wuta ta yi waje abinta. Wanda ya koma hagu kuwa, wutar gaban idonsa take bi.

"Saboda haka wadda kunnenta ke hagu nake so," in ji shi. "Na tambaya har Bida, babu mai ita. Ni zan ƙera. Kuma mai ƙanƙara zan yi, irin ta babana. Na gama da kan ashana."

Sara ba a gida ta tare shi ba. A rumfa ta same shi da rana tsaka, gaban mutane, zaninta duk manja.

"Baban Shekinah, da gaske ne abin da nake ji? Ido ɗaya Ubangiji ya bar maka. Idan shi ma ya tafi, wa zai riƙa jan ka a titi? Ni ko yarinyar nan?"

Ya kashe injin, ya ɗaga gilashin walda daga fuskarsa. "Maman Shekinah, waccan ban san wanda ya ƙera ta ba, ban san ƙarfen da ke cikinta ba. Wannan da hannuna zan yi ta. Babu abin da zai shiga cikinta ban gwada shi ba."

"Nama ne ba mu da shi? Ga kasuwa can."

"Ba nama ba ne."

"To mene ne?"

Ya jujjuya gilashin a hannu. Can ya ce, "Tun da abin nan ya faru, ko ƙyaure aka buga da ƙarfi sai jikina ya yi rawa. Ba zan zauna haka har in mutu ba."

Ta kai ƙararsa wajen fastonsu. Fasto ya zo, suka daɗe suna magana, ya yi masa addu'a ya tafi. Washegari Meshach ya hau babur ya nufi Kuta.

A Kuta akwai wani tsohon maƙeri, Baba Rilwanu. 'Yan bindiga ne suka tashi ƙauyensu a ƙetaren ruwa, ya dawo gari ya kafa maƙera a gindin mangwaro, yana ƙera fartanya da lauje. An ce a zamaninsa babu wanda ya kai shi iya kunamar ƙanƙara. Meshach ya gaishe shi, ya faɗi abin da ya kawo shi. Tsohon bai ko ɗaga kai daga uwar maƙera ba.

"Na daina wannan aikin, ɗana. Na ga abin da bindiga ta yi wa garinmu. Kuma bindiga ba ta da hagu. Je ka."

Meshach ya tafi. Ranar kasuwa ta zagayo, ya dawo. Bai sake tayar da maganar ba, ya dai zauna a ƙasa ya kama zugazugi. Magidanci mai rumfarsa, ya rufe aiki ya yi tafiyar nan duka don ya hura wa wani wuta. Haka ya yi ta yi, kasuwa bayan kasuwa, har damina ta sauka. Wata rana tsohon ya ce ya matso, ya kama haɓarsa, ya dubi ramin idon da kyau.

"Da bututun famfo aka yi waccan," in ji shi. "Wanda ya sayar maka bai ji tsoron Allah ba. Me za ka harba da ita?"

"Abin da ke cin gonar mutane, Baba. Da abin miya."

Baba Rilwanu ya shiga ɗaki ya fito da wata tsohuwar kunama a naɗe cikin tsumma. "Aro na ba ka. Ta dama ce. Yadda za ka juya ta kuwa, kai ka sani."

Juyawar ce ta fara ba shi wuya. Kunama guntayen ƙarfe ne da dama, kowanne da lanƙwasarsa da inda yake cizon ɗan'uwansa. Sai ya goge guntu da magagari yini guda, ya zo haɗawa ya tarar ya sake yin na dama, ko kuma ya juya rabi ya bar rabi. Gwangwanin da yake jefa ɓatattu ya kusa cika. Ran nan yana zaune a shagona da kunamar a hannu, yana jujjuya ta cikin takaici, sai ya tsaya cak yana kallon madubin da masu gwada kaya ke dubawa. Ya ɗaga kunamar, ta cikin madubi ta ɗago, kunnenta a hagu.

"Tela, ara mini madubin nan."

Madubina ya yi wata da watanni a rumfarsa. Mata masu karɓar ɗinki sai sun tsallaka kwalbati su duba kansu a tsakiyar ƙarafa.

Daga nan sai sifirin, ƙarfen da ke ba kunama ƙarfin sara. Daga tsohon sifirin mota yake yanko shi. Idan ya yi tauri da yawa sai ya karye da ɗanawar farko, idan ya yi laushi sai ya lanƙwashe ya ƙi komawa. Ya koma Kuta da karyayyun a aljihu. Tsohon ya zuba gawayin ƙirya, ya ce masa ya bar surutu ya kalli launin ƙarfe kawai, ya ga lokacin da ake cire shi daga wuta. Meshach ya ce a nan ne kaɗai ido ɗaya bai rage shi da komai ba, launi dai launi ne.

Da sifirin ya samu, sai ƙyastu ya ƙi ba da wuta. Shi ne ƙarfen da ƙanƙara ke sara. Dutse ya sare shi, ko tartsatsi ɗaya babu. Baba Rilwanu ya ce fuskar ƙarfen ce ba ta yi tauri ba, sai an gasa shi cikin ƙaho da kofato. Dabo ya cika buhu da su ya kawo. Ranar da Meshach ya yi gashin nan, duk layinmu babu wanda ya ci abinci cikin daɗi. Mai kokon kusa da mu ta kwashe kayanta ta koma bakin titi tana zaginsa da Nufanci. Ni kaina na rufe shago. Amma da yamma ya zo yana buga mini ƙofa, ya ɗana kunama a inuwar zaure, ya ja. Tartsatsi ya zubo fari tas a cikin kunne. Ya yi ta ɗanawa yana ja yana dariya har dutsen ya dakushe.

Duwatsun ma Dabo ne ya samo su, a wani rafi da yake shayar da shanu. Yawancinsu marmashewa suke yi, kaɗan ne ke da baki. Bututu kuwa Meshach ya daɗe yana yawo wajen masu tsofaffin motoci kafin ya samu mai kauri, marar ɗinki, wanda ya kwanta masa a rai. Ƙotar kuwa da itacen maɗaci ya sassaƙa ta, yana yi yana gwadawa a kuncinsa na hagu. Aikin ya ci fiye da shekara. Kafin ya zuba wa bindigar ko ƙwayar albarushi, sai da ya bi shugaban ƙungiyar maharba suka je wajen hukuma aka yi mata rajista.

Gwajin farko a bayan gonar Dabo aka yi, ni ma na je. Ya yi mata ɗuri mai nauyi, fiye da wanda zai taɓa harbi da shi, ya ɗaure ta a jikin ɗorawa, ya ɗaura doguwar igiya a kunama. Muna shirin laɓewa a bayan suri sai ga ɗan acaɓa ya sauke Sara. Ba wanda ya gaya mata ranar. Ba ta gaishe da kowa ba, ta zo ta durƙusa tare da mu.

Meshach ya ja igiya. Kunne ya yi fuu, hayaƙi ya tashi, bindiga ta yi shiru. Dabo zai miƙe, Meshach ya riƙe masa riga. Muka daɗe a durƙushe, don wani lokaci wuta kan maƙale a ciki ta tashi daga baya. Da ya tabbata ta mutu, ya je ya tsokace ɗan ramin kunnen da ƙaya, ya sake zuba garin albarushi, ya dawo. Ya ja.

Ƙarar ta tashi tsuntsayen da ke kan ɗorawa duka, shanun Dabo suka zabura. Meshach ya je ya kwance bindigar, ya bi bututun da yatsa daga baki har gindi, ya ɗaga shi a rana yana dubawa. Babu tsaga, babu kumburi. Ya sake gwadawa, ya sake dubawa. Sara ta karɓi bindigar, ta auna nauyinta a hannu, ta mayar masa. Sannan ta kwance bakin zaninta ta fito da farin tabaran da yake sawa idan yana gurza ƙarfe.

"Ka bar wannan a rumfa," in ji ta. "Duk ranar da na ji ka harba ba shi a fuskarka, a rijiya za ka nemi bindigar."

Ya karɓa ya sa.

Sai dai ƙera bindiga daban, harbi daban. Ranar da ya fara ɗora ta a kafaɗa, tsohuwar ƙwarya aka kafa masa a kan kututture, kusa ƙwarai. Bai same ta ba. Ya sake, bai samu ba. Dabo, wanda ke tsaye a gefe, shi ya gano dalili.

"Mishak, rufe ido kake yi. Da wuta ta tashi a kunne sai ka runtse, ka fizge kai."

Bindigar ƙanƙara tana da ɗan jinkiri. Wuta takan fara kamawa a kunne, dab da fuska, sannan ta shiga ciki. A wannan ɗan tsakanin dole mutum ya tsaya kamar dutse. Jikin Meshach kuwa bai manta abin da ya same shi ba. Sai ya daina ɗuri. Ya riƙa zuba gari a kunne kawai, ya auna ƙwarya, ya ja, wuta ta tashi a gaban tabarau, Dabo na kallon idonsa. "Ka rufe." Ya sake. "Ka rufe." Asabar bayan Asabar haka. Ya gaya mini akwai ranar da ya zauna a ƙasa ya yi kuka don haushin kansa, sannan ya tashi ya ci gaba. Ranar da Dabo ya ce "Yanzu kam ba ka rufe ba," ya yi ɗuri, ƙwarya ta tarwatse.

A daminar da ta biyo baya wani gadu, aladen daji, ya addabi gonar Dabo. Ya tone rogo, ya kwantar da masara tun tana ɗanya. Dabo ya bi sawunsa har wata fadama inda yake birgima a taɓo da sassafe. Na ɗinka wa Meshach 'yar rigar fata da zai rufe kunama saboda raɓa, suka tafi. Abin da ya faru a can daga bakinsu su biyu na ji, kuma labarinsu bai saɓa ba.

Suka zauna a inda iska ke busowa daga fadamar zuwa gare su. Rana ta ɗan ɗago, sai ga gadun ya fito daga ciyawa, ƙato, haurensa a murɗe. Meshach ya zare rigar fatar, ya ɗana, ya jira har dabbar ta ba shi gefe. Ya ja. Hayaƙi ya rufe komai. Da ya washe, gadu ba ya nan, sai ciyawa na motsi.

"Ka same shi," in ji Dabo. "Ga jini. Amma da ransa."

Dabo ya so su bari sai rana ta yi, ko zai mutu da kansa. Meshach ya ce ba zai bar dabba da dalma a jiki tana wahala ba, kuma mata na bi ta nan zuwa rafi. Ya tsaya ya yi ɗuri. Ya dafa bindigar a cinya, ya zuba albarushi, ya sa tsumma, ya danna, ya sa dalma. Suka bi jinin, Dabo a gaba yana duba ƙasa, shi a baya yana juya kai dama da hagu, don gefen damansa duhu ne.

Ta gefen daman kuwa gadun ya fito. Dabo ne ya yi ihu, ya yi tsalle ya kama reshe. Meshach ya juya da jikinsa duka, ya ga dabbar ta taso daga cikin kwari tana jan ƙafa ɗaya, amma da gudu. Ya durƙusa, ya kwantar da kunci, ya bar ta ta matso har yana jin gurnaninta. Kunne ya yi wuta, idonsa a buɗe. Gadu ya kife a gabansa, taɓo ya fantsamo masa a tabarau.

Dabo ya sauko daga bishiya yana salati. Ya ce igiya zai bayar, amma shi ba zai taɓa ba, kuma ba za a ɗora a babur ɗinsa ba. Wani manomi maƙwabcinsa, Gideon, shi ya kawo baro aka turo naman. Sara ta raba wa mutanen cocinsu, ta ƙyafe saura. Mu da ba ma ci, bayan sati biyu Meshach ya kawo mana zabi, ya ce mu ci da kwanciyar rai, Dabo ne ya yanka.

Meshach ya kai wa Baba Rilwanu bindigar tare da kunamar aro. Tsohon ya jujjuya ta, ya ɗana, ya saurari ƙarar sifirin a kunnensa, ya ce, "Mummuna ce. Amma aikin ya yi." Bai daɗe ba tsohon ya rasu, Meshach ya rufe rumfa ya je gaisuwa.

Yanzu ya ƙera wasu 'yan kaɗan, duk masu ƙanƙara. Ba ya yi wa wanda bai sani ba. Ko wane ne kai, sai ka zo da shugaban maharban yankinku, kuma shi zai raka ka rajista. Mutane da yawa sun zo da maganganu masu daɗi sun koma hannu wofi.

Kwanan baya wani mutum ya zo daga wajen Paiko tare da shugaban maharbansu. Silas sunansa. Injin niƙa ya cinye masa hannun dama daga gwiwa. Ya ce ya ji labari, shi ma yana so ya koma dawa. Ina jin su daga shagona.

Meshach ya dubi dungun hannun ya daɗe. Ya ce, "Harbin ba shi ne matsala ba, za mu sa mata ƙafa ta tsaya a kai. Ɗurin ne ban san yadda za ka yi da hannu ɗaya ba."

Silas ya sunkuyar da kai. "Wato ba zai yiwu ba ke nan."

"Ban ce haka ba. Na ce ban sani ba tukuna." Ya jawo masa kujera, ya ɗauko wani bututu marar ƙota ya miƙa masa. "Zauna. Matse wannan tsakanin gwiwoyinka, mu ga inda hannunka ke kaiwa."